Malam Isiyaku da 'Yan Ajin Yamma

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Labarin ya same ni da hantsi, ina tsaye gaban sikeli a ɗakin gwaji, ina auna biskit ɗin da aka ɗebo mini daga tanda ta biyu. A kamfaninmu da ke Sharaɗa ba a shiga aiki da waya, kowa a loka, akwatin ajiyar kayansa, yake barin tasa, saboda haka mugun labari da ƙafarsa yake zuwa. Na ji an ƙwanƙwasa gilashin ƙofa, na ɗago, sai na ga Zulai, ƙawata tun ƙuruciya, da hular raga a kanta, hannunta duk ɓurɓushin biskit. Zulai a sashen fakin take, inda ake zuba biskit a leda da kwali. Su a ƙasa suke, kuma ba a yarda su hau benen da muke ba. Shekara goma sha ɗaya muna aiki a gini ɗaya, ban taɓa ganin ta a bakin wannan ƙofa ba. Tun kafin ta buɗe baki na ajiye abin da ke hannuna.

"Rabi, Malam ya cika," in ji ta. "Ɗazu bayan asuba. Ƙarfe sha ɗaya za a yi masa sallah."

Ban tambaye ta wane Malam ba. A unguwarmu idan aka ce Malam aka yi shiru, Malam Isiyaku ake nufi, wanda ya koyar da lissafi da kimiyya a firamarenmu har ya yi ritaya, kuma ritayar ba ta raba shi da ita ba. Na zauna a kan kujera, kuma zan faɗi gaskiya tunda shi ya koya mini faɗinta: abin da ya fara zuwa raina ba alherinsa ba ne, kunya ce. Wata goma ke nan da ya zo har bakin get ɗinmu ya roƙe ni abu ɗaya, in karɓi ajin da yake yi wa yara ranar Asabar. Ƙafarsa ta fara gaza shi, kuma idan babu mai takardar shaidar karatu da zai tsaya a kan ɗakin da ake ajin, makaranta za ta karɓe shi ta mai da shi sito. Na ce masa to, wata mai zuwa in sha Allahu. Ranar Asabar nake obatayim, wato aikin ƙarin lokaci, da kuɗin nake biya wa 'ya'yana biyu makarantar kuɗi. Uzurina ke nan, kuma yana hannuna har Malam ya tafi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam mutumin wani ƙauye ne a Jigawa. Ya zo Kano yana saurayi, ya kama aiki a wata masaƙa a Bompai, zamanin da jiniyar kamfanoni ce agogon gari. Yakan ba mu labari cewa shekara bakwai ya yi yana tura baron zare. A nan ya lura da abin da ya zame masa damuwa har ƙarshen rayuwarsa. Idan an buƙaci mai kula da inji, ba a duba ƙarfin ƙirji ko daɗewa a aiki. Takarda ake miƙa wa mutum, a ce ya karanta lambar da ke jikin ma'auni ya rubuta. Wanda ya iya ya koma albashin wata, wanda bai iya ba ya ci gaba da baro har furfura ta fito masa. Ya kuma lura cewa masu iyawar daga makarantu biyu ko uku suke fitowa, kullum su ne. Da masaƙar ta fara tangal-tangal bai jira ta faɗi ba, ya tafi kwalejin horon malamai. Da ya fito aka turo shi makarantarmu, wadda ba ta cikin biyu ko ukun nan.

Makarantarmu kuwa sai godiyar Allah. Benci na manyan aji ne, su ma sai wanda ya yi sammako. Allo baƙin fenti ne a jikin bango. Littafi ɗaya mutum biyar ke leƙawa, wanda ke gefe a juye yake karantawa. Kuɗin gyara kan zo jifa-jifa, kuma idan ya zo mukan gane, domin katangar da ke kallon titi ce take wayar gari da sabon fenti. Malam yakan tsaya ya dube ta, ya gyara hularsa, ya ce, "Masha Allahu, katanga ta sake samun ƙarin girma. Ban dai taɓa jin ta ci jarrabawa ba." Bai taɓa zagin kowa a gabanmu ba, wannan ita ce iyakar fushinsa da hukuma.

Da ya ga jiran kuɗi ba zai kai shi ko'ina ba, sai ya ɗaura kwali a bayan kekensa. Da zarar an tashi ajin safe, ya yi azahar, ya bi get-get na kamfanoni, yau Sharaɗa, gobe Challawa, wata rana ya nausa har Bompai wajen tsofaffin abokan aikinsa. Ba kuɗi yake roƙo ba. Abin da aka jefar yake nema: tef ɗin awo da bakinsa ya karye, ma'aunin zafi, kwalabe masu lamba a jiki, tsofaffin fom da ake cikewa a bakin inji. Babban abin da ya samo shi ne wani tsohon sikeli daga majema a Challawa, wanda ya yi shekara guda yana warin fata. Ya roƙi wani ɗan ɗaki a bayan ofishin hedimasta, inda ake jibge karyayyun benci, ya share shi da hannunsa, ya jera kayansa. Shi ne muke kira ɗakin sikeli.

Mu yara ba mu da kirki, sai muka sa masa suna Malam Jari-bola. Mun ɗauka bai sani ba. Wata rana yana share allo, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Na ji sunan da kuka raɗa mini. Ai ɗan jari-bola sayarwa yake yi. Ni kuwa kyauta nake kawo muku, sai ku nemo mini wani." Muka dubi juna a tsorace, sai ga kafaɗarsa tana rawa, ashe dariya yake yi.

Ranar da aka fara shiga da mu ɗakin, ni ya kira, saboda bakina ba ya mutuwa. "Rabi mai gardama, zo ki auna mana dutsen nan." Na ɗora, na karanta lamba da ƙarfi, ina jiran yabo. Ya ce ba daidai ba ne. Na ce wallahi abin da allurar ta nuna ke nan, kowa ya zo ya gani. Ya bar ni na gama rantse-rantsena, sannan ya ɗauke dutsen. Sikelin ba komai a kansa, amma allurar ba ta kan sifiri. Shi ya karkatar da ita tun kafin mu shigo. Ya ce, "Kafin ki tambayi sikeli nauyin wani, fara tambayarsa lafiyarsa." Ya nuna mini ɗan ƙarfen da ake murɗawa a dawo da allura gida, ya sa na murɗa da kaina.

Wani makon kuma ya aike mu mu aro mudun gero daga masu awo uku na unguwa, mu auna mu gani ko mudu mudu ne. Ɗaya daga cikinsu aminiyar Innata ce, kuma nata ne ya fi rashin nauyi. Kunya ta kama ni, na ƙara mata lamba a littafina. Malam ya bi layi yana dubawa, ya tsaya a kaina, ya daɗe. Bai tona ni a gaban aji ba. Da aka tashi ya riƙe ni, ya ce, "A littafi ki rubuta abin da kika gani, ba abin da kike so ki gani ba. A unguwa kuma ki kama bakinki, baiwar Allah tana da 'ya'ya." Shekara da shekaru ina aikin gwaji, ban ji wanda ya tattara mini aikina a taƙaice kamar haka ba.

Yanzu sai in faɗi yadda aka yi ni ina sama Zulai tana ƙasa, domin Malam ba zai so a ba da labarinsa a tsallake wannan ba. Saboda yawanmu, makarantar kashi biyu ce, 'yan safe da 'yan yamma. Ba jarrabawa ake yi a raba ba. Iyaye ke zaɓa, kuma talla ke zaɓar musu. Innata shinkafa da wake take dafawa, ana kaiwa bakin get ƙarfe biyu lokacin da masu aikin safe ke fita na yamma ke shiga, saboda haka da rana take bukatata, sai aka sa ni ajin safe. Mahaifiyar Zulai koko da ƙosai take yi wa masu shiga aiki da sassafe, sai aka sa Zulai ajin yamma. Gidanmu da nasu katanga ɗaya ce. Kuma in ana maganar kai, Zulai ta fi ni nesa ba kusa ba. Takan sallami mutum biyar a lokaci guda, kowa da canjinsa, ba ta taɓa kuskure ba. Aikin gidan da Malam ke ba mu, sau da yawa ita take yi mini a zaure, ta gama kafin in gama feƙe fensir.

Ajin yamma kuwa ragowar makaranta ne. Malamai kaɗan ne, wani lokaci aji biyu a haɗe, kwanon rufi ya ɗau zafi, kowa na gyangyaɗi, kuma kafin la'asar an watse. Ɗakin sikeli a kulle yake, domin mai makullin yana can a kan keke yana bin get-get. Da muka kai aji shida, fom ɗin jarrabawar shiga sakandaren kwana ya iso wata safiya, guda kaɗan. Hedimasta ya miƙa wa Malam, Malam ya raba wa waɗanda ya san ƙoƙarinsu. Kafin azahar sun ƙare. 'Yan yamma a bakinmu suka ji cewa an yi wani abu wai shi fom. Na ci jarrabawar, na tafi makarantar kwana mai ɗakin gwaji na gaske, daga nan na yi difiloma. Zulai ta ɗan taɓa sakandaren unguwa, ta yi aure, daga baya ta shiga fakin, inda ake biyan mutum ranar da ya zo, ranar da bai zo ba kuma babu.

Ranar da na je neman aikin nan mu shida ne, wasu da takardun da suka fi nawa kyau. Aka shigar da mu ɗaya bayan ɗaya, aka miƙa wa kowa ɗan kwano da gari a ce ya auna. Sikelin na zamani ne, mai lantarki, amma hannuna da kansa ya tsaya kafin in ɗora komai. Na duba, ba ya kan sifiri. Na danna na dawo da shi, sannan na auna. Matar da ke kula da gwajin ta dube ni ta yi ɗan rubutu. Daga baya ta faɗa mini cewa da gangan suke yi, kuma ranar mu biyu ne muka lura. Ban ce albashina duka daga wannan dannawar ya fito ba, amma ta ƙofar na shiga.

Da na karɓi albashin farko na sayi kwalin biskit, na tafi gidan Malam a Ɗorayi. Ya yi murna har ya kira matarsa, Mama Hajara, ya ce ta zo ta ga mai gardama ta zama mutum. Muna hira yana tambayar 'yan ajinmu ɗaya-ɗaya, sai na ce masa ai Zulai ma muna tare, ita tana ƙasa wajen fakin. Na ƙara da dariya cewa yanzu zan iya tona kaina, rabin aikin gidan da yake yaba mini ita ce take yi.

"Wace Zulai?" ya tambaya. "Ban san ta ba."

"'Yar ajin yamma ce, Malam. Ba za ku san ta ba."

Ya ajiye biskit ɗin da ke hannunsa. Ya sa na ba shi labarinta tun daga koko da ƙosai har fakin, yana yi mini tambayoyi kamar mai binciken laifi, kuma na gane laifin nasa yake nema. Can ya ce, "Kullum ina fita da keke suna shigowa. Har gaishe ni suke yi." Sannan ya ƙara da cewa, "Ina ta jin haushin masu rabon kuɗi, ashe ni ma na yi rabo ban sani ba." Na yi ta ba shi haƙuri, ina cewa ai ba shi ya tsara makarantar ba. Ya ce ya sani, amma shi ya riƙe makullin.

Asabar ɗin da ta biyo baya ya buɗe ɗakin sikeli, ya ce na 'yan yamma ne kawai. Ya bi gidaje yana roƙon iyaye su ɗaga wa yara talla na awa biyu. Wasu sun yarda, wasu sun ce Malam ya cika fitina. Ga masu cewa fitina yakan ce, "Albashin yarinyar nan yanzu ake yanka shi, tana zaune a ƙasa. Ranar ɗaukar aiki sanarwa kawai ake yi." Ya yi ritaya, ajin bai tsaya ba. Keke ya gagare shi, ya koma hawa a-daidaita-sahu da kuɗin fanshonsa, kwalin yana kan cinyarsa. Na san masu kula da inji a Challawa, da wata mai gwajin ruwa a Bompai, da masu awon kaya a Dakata, waɗanda a wannan ɗakin suka fara riƙe tef.

Ranar da ya zo mini bakin get da sandarsa, maigadinmu ya ba shi kujerarsa, domin shi ma ya san shi tun zamanin kwali. Na sauko na durƙusa na gaishe shi. Ya ce sabon hedimasta mutumin kirki ne, amma an kawo masa kaya ba wurin ajiya, kuma an ce masa ba za a bar ɗaki da yara a hannun wanda ba shi da takarda ba.

"Ke kina da takarda, kina da baki," in ji shi. "Awa biyu ne, Rabi."

"Malam, ku ba ni wata ɗaya in daidaita. Asabar ɗin nan da ita nake biya wa su Khalifa makaranta."

"Na sani. Kuma kin yi daidai da kika kai su inda akwai benci, ba zan ce miki ba haka ba." Ya dubi ƙafarsa da ta kumbura har takalmin ya ƙi rufuwa, ya yi murmushi. "Ba gaggawa. Ƙafar nan ce dai ba ta san wata mai zuwa ba."

Bai sake tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Da ya matsa mini, da na samu abin jin haushi, na fake da shi. Sai na koma aika masa kwalin biskit da kuɗin magani duk ƙarshen wata, na daina bi ta Ɗorayi. Na san abin da nake yi. Ina so biskit ya je ya yi abin da ni na ƙi yi.

Ranar rasuwar na tarar layin gidan ya cika. Maza da yawa da kayan aiki a jikinsu suka zo, wasu da baƙin mai a hannu, sun roƙi awa ɗaya sun fito. A cikin gida Mama Hajara tana zaune a kan tabarma, carbi a hannu, tana karɓar gaisuwa cikin natsuwa. Har ta ba mu dariya, ta ce shekara arba'in tana faɗa da shi a kan tarkacen ƙarafan da ya cika mata soro da su, yau kuma ta hana yara taɓa ko ƙusa. Da na matsa kusa na ce ta yafe mini, akwai abin da Malam ya nema a wurina ban yi ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Bai taɓa cewa kin ƙi ba, 'yar nan. Duk wanda ya tambaye shi wa zai karɓi ɗakin, cewa yake Rabi na tafe." Kukan da na riƙe tun daga Sharaɗa a nan ya ƙwace mini.

Asabar ta farko bayan rasuwar na nemi izini a wurin aiki, na tafi makarantar. Ban je da niyyar karɓar komai ba. Na je ne in ga ɗakin sau ɗaya kafin a cika shi da kaya. Ina shiga harabar na hango ƙofar a buɗe, takalman yara a jere a bakinta. Na leƙa. Yara sun zauna a ƙasa da kan bulo, kuma a gabansu, hannu a kan tsohon sikelin majema, Zulai ce. Tana tambayar wata yarinya abin da ake fara yi kafin a ɗora kaya. Ta gan ni, ta ɗaga mini hannu in jira, ta ci gaba har ta kai ƙarshen abin da take yi.

Da ta ba su aiki ta fito, muka tsaya a inuwar katanga. Ashe shekara huɗu ke nan tana zuwa. Da farko 'yarta Ummi take rakowa, wadda ita ma 'yar ajin yamma ce, ta zauna a baya tana jira. Malam ya tambayi Zulai sunanta, da ta faɗa ya tashi da kansa ya ba ta bencinsa da littafi. Da ƙafarsa ta tsananta, shi yana zaune yana magana, ita ce hannunsa. Duk Asabar ɗin da ta zo nan, kuɗin yini guda ta bari. Ni kuwa ina sama duk Asabar ina obatayim, ban taɓa leƙo ƙasa na ga ba ta nan ba.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?" na tambaye ta.

"Malam ya ce kar a takura miki, kina da nauyi a kanki."

"Ke ba ki da shi?"

"Nawa ai ga shi can a zaune," ta nuna Ummi da haɓa. Sai ta gyara mayafinta, ta dube ni ido cikin ido, yadda take dubana a zaure idan na kasa lissafi. "Hedimasta ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Babu abin da ban iya ba a ɗakin nan, Rabi. Biskit ɗin da kike aikowa ma ni nake raba musu. Takardar ce ba ni da ita, kuma kin san inda aka raba ta."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Tana gamawa ta koma ciki, domin yara sun fara rigima a kan tef.

Washegari da rana, bayan mun ci abinci, na zaunar da maigidana. Shi makanikin manyan motoci ne a Dakata, wata ya yi kyau, wata ya zo a bushe. Na ce masa ina so in bar obatayim. Ya gama sakace, sannan ya ce, "Kin san yadda garejin yake. Idan zangon nan ya wuce, na gaba ban yi miki alkawari ba." Na ce na sani. Ya ce, "To idan bai isa ba, sai su koma ta gwamnati kamar 'ya'yan kowa. Ke ba can kika fito ba?" Ashe Nana, ƙaramar 'yata, tana bakin ƙofa tana ji. Ta ce, "Umma, makarantar su Ummi za mu koma?" Na ce wataƙila. Ta ɗan yi tunani, ta ce, "Safe ko yamma?"

Ba zan ɓoye ba. Na ji tsoron makarantar da ta yi ni, tsoro na gaske. A lokacin na gane cewa tsoron nan da na ji na minti ɗaya, a cikinsa Zulai take kwana take tashi shekara da shekaru, ita da duk uwar da ba ta da obatayim. Na ce wa Nana ban sani ba, domin ban sani ba ɗin. Ranar Litinin na ce wa manaja ya cire sunana daga Asabar. Ranar Talata na kai wa hedimasta takardata, na sa hannu. Na roƙe shi ya rubuta sunan Zulai kusa da nawa, ya ce doka ba ta san ta ba, amma ya rubuta da fensir.

Asabar uku ke nan muna yi. Ban iya koyarwa ba, ina sauri, ina amfani da Turancin da yara ba su sani ba, Zulai ce ke tsayar da ni ta sake faɗa musu yadda za su gane. Har yau ban san inda 'ya'yana za su zauna zango mai zuwa ba. Na zo, Malam, amma na zo a makare, kuma wannan ba abu ne da zan iya gyarawa ba.

Ya Allah, bawanKa Isiyaku ya dawo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa duk abin da ya koya wa 'ya'yan talakawa ya zame masa sadaka mai gudana, duk lomar halal da wani ya ci ta dalilinsa Ka ba shi ladanta. Kuskuren da ya gano a kansa ya ƙarar da ƙarfinsa wajen gyarawa, Ka shafe masa shi, Ka karɓi gyaran. Ka ba Mama Hajara da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin rashinsa, Ka zame musu gata, Ka rufa musu asiri. Ka saka wa Zulai da abin da ni ba zan iya saka mata ba. Mu da muka sa shi jira, Ka yafe mana, kada Ka kama mu da kyakkyawan zaton da ya yi mana. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.